Me ya sa Content-Type ke dawo maka biyu a PHP

Ka ce ka kira get_headers, aikin PHP mai ɗauko kanu (headers, layukan bayanin da saba, wato server, ke sawa a saman amsarta), don ka san irin fayil ɗin da ke wani adireshi, wani lokaci Content-Type, layin da ke faɗin irin fayil, ya zo maka da rubutu ɗaya, wani lokaci da jeri, a wani shafin kuma babu shi sam. To, ɗana, matsaloli biyu ne ka haɗa.

Na farko, turawa zuwa wani adireshi. Idan sabar ta amsa da 301 ko 302, lambobin da ke nufin abin ya koma wani adireshi, get_headers ba ya tsayawa, bin layin Location yake yi zuwa sabon adireshi, har sau 20 idan ba ka rage ba. Kowace amsa da nata kanun, shi kuma sai ya zuba su duka a kwando ɗaya. Buga abin da ya dawo ka duba da idonka: in ka ba shi true a matsayin abu na biyu don ya jera kanun da sunayensu, a gurbi na 0 za ka ga 301, a gurbi na 1 ka ga 200, lambar nasara, Content-Type kuma ya zama biyu, na shafin turawa da na ainihin fayil ɗin. Na ƙarshen shi ne naka.

Na biyu, haruffa. A ƙa'idar HTTP, Content-Type da content-type abu ɗaya ne, amma a jerin PHP maɓallai biyu ne daban. HTTP/2 ma ƙananan haruffa kawai ya yarda da su a sunayen kanu. Saboda haka mai da kowane suna ƙarami da strtolower kafin ka nema.

Ni dai a aikin da za a dogara da shi, cURL, wani kayan aikin aika buƙatu zuwa saba, nake so ka riƙe. Rubuta ɗan aikinka (function) ka ba shi ta CURLOPT_HEADERFUNCTION, zai riƙa miƙo maka kanun layi-layi. Layin da ya fara da HTTP/ alama ce sabuwar amsa ta fara, sai ka share abin da ka tara ka soma daga farko. Sauran layukan ka raba su gida biyu kacal a kan alamar ɗigo biyu (:) ta farko, domin Date da Location suna ɗauke da wasu ɗigo biyun a cikinsu, sannan ka goge gefuna da trim. Ka kiyaye nan: dole aikin naka ya mayar da tsawon layin yadda ya zo, tun kafin gogewa. In lissafin ya saɓa ko da ɗaya ne, cURL zai yanke haɗin da kuskure mai lamba 23.

Kowane suna ka ajiye masa jeri, kada na baya ya danne na gaba. Set-Cookie, layin da saba ke aiko kuki da shi, yana iya zuwa sau uku ko huɗu, kuma ba a haɗa shi da waƙafi, tunda kwanan watan ƙarewarsa, Expires, shi kansa yana da waƙafi.

Idan kanun kaɗai kake so, CURLOPT_NOBODY zai aika HEAD, buƙatar kanu kawai, ka huta da sauke fayil. Get_headers kuwa GET, buƙatar fayil ɗin gaba ɗaya, yake aikawa sai in ka canza masa. Wasu sabobin ba sa karɓar HEAD, su ce 405, nan sai ka sake da GET. Sa CURLOPT_TIMEOUT, daƙiƙa 10 ta isa, don kada sabar da ta maƙale ta riƙe maka shafi. Kuma kada ka jingina da Content-Length, layin da ke faɗin girman fayil, amsar da aka aiko gunduwa-gunduwa ba ta zuwa da shi.