Amsa: Fim ɗin direban tirela da karensa

Malam, fim ɗin da kake tambaya, mai direban tirela da kare mai dogayen kunnuwa, wanda ka ce kamar ka ga mawaƙin Amurka Don Williams a ciki, ina jin finafinai biyu ne suka cakuɗe maka.

Na farkon shi ne Smokey and the Bandit na 1977, Hal Needham ya ba da umarni. Burt Reynolds ne mai gashin baki da baƙar mota Pontiac Trans Am. Direban tirelar kuwa Jerry Reed ne, mawaƙin kantiri na gaske kuma gwanin jita, shi ya rera East Bound and Down da ake ta ji a fim ɗin. An yi fare da su ne kan su ɗauko katan 400 na giya daga Texarkana zuwa Atlanta cikin awa 28, ga wani ɗan sanda mai baƙin naci, wanda Jackie Gleason ya fito a matsayinsa, ya biyo su har motarsa ta zama kwarangwal. A shekarar, Star Wars kaɗai ya fi shi kawo kuɗi a Amurka.

Don Williams sai a kashi na biyu, na 1980, inda ya fito da sunansa yana waƙa, kuma giwa ce kayan da aka ɗauko. Ni dai na biyun bai ba ni dariya kamar na farko ba, an ja shi da yawa. Gleason yana da ashar a baki, kada ka kunna gaban yara.