Ku Tambaya Mu Amsa: Ziyarar Valluvar Kottam a Birnin Chennai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rako mahaifina jinya Chennai, kuma likita ya ce sai mun ƙara kwanaki kafin a sallame mu. Ana ta ba ni labarin wani wuri wai shi Valluvar Kottam. Mene ne a cikinsa, kuma ta yaya zan je?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Wurin yana unguwar Nungambakkam, a tsakiyar gari. Gwamnatin jihar Tamil Nadu ce ta gina shi don tunawa da Thiruvalluvar, mawaƙin da Tamilawa suka fi ji da shi. M. Karunanidhi ne ya tsaya a kan aikin lokacin yana babban ministan jihar, magini V. Ganapati Sthapati ya tsara, aka buɗe shi a 1976. Filin da yake kai tsohon tafki ne da aka cike.

Abin da ido zai fara cin karo da shi wata ƙatuwar karusa ce ta dutse, tsayinta mita 39. An kwaikwayi karusar da ake ja a bikin haikalin garin Thiruvarur, sai dai wannan ba ta motsi. Je ka tsaya jikin ƙafarta ɗaya, za ka ga ta kusan ninka tsayinka. Mutum-mutumin mawaƙin yana zaune can sama a cikinta, kuma daga ƙasa ba za ka gan shi da kyau ba. Sai ka hau rufin babban zauren da ke gabanta, nan ne za ku yi ido biyu. Mutane da yawa a ƙasa suke ɗaukar hoto su juya, ba su san an tanadi hawan ba. Shi kuwa zauren, lokacin da aka gina shi yana ɗaukar mutum fiye da 3,000, kuma babu ginshiƙi a tsakiyarsa.

Wajen zuwa, a-daidaita-sahu ya fi sauƙi, "oto" suke ce masa. Direbobin ba kasafai suke kunna mita ba, saboda haka ko dai ku yi ciniki kafin ka hau, ko ka kira ta manhajar Ola ko Uber ka ga kuɗin tun a waya. Tashar jirgin ƙasa ta Nungambakkam da tashar metro ta Thousand Lights duk suna yankin, amma ba a bakin ƙofa ba, sai ka ƙara da oto. Riƙe canjin rupi a aljihu. Biya ta waya da kowa yake yi a can galibi yana buƙatar asusun bankin Indiya, baƙo kuwa a nan yake maƙalewa.

Tambaya: Ba na jin Tamil. Ina amfanin zuwa kallon rubutun da ba zan iya karantawa ba?

Amsa: Malam, da ɗan shiri za ka karanta. Littafin mawaƙin sunansa Tirukkural, baiti 1,330 ne, babi 133, kowane babi baiti 10 cif. Kowane baiti layi biyu ne, gaɓa huɗu a na sama, uku a na ƙasa, shi ya sa za ka ga layin ƙasa ya fi gajarta a kowane allo. An sassaƙa su duka a kan duwatsu a barandar zauren, a jere bisa tsarin littafin.

Wannan tsarin shi ne mabuɗinka. Babi na 1 zuwa na 38 suna magana kan kyawun hali. Na 39 zuwa na 108 kan dukiya da mulki da sha'anin jama'a, kuma nan ne littafin ya fi kauri. Na 109 zuwa na 133 kan soyayya. Tun da goma-goma suke, lissafin ba wuya: babi na 95 ya fara daga baiti na 941 ya ƙare a na 950. Sauke fassarar Turanci a wayarka tun daga masauki. Ta G. U. Pope ta 1886 tana nan kyauta a intanet, ko da yake Turancinta na da ne, mai nauyi, don haka in ka sami ta zamani ɗauki ita.

Kada ka ce sai ka bi duka, ƙafa za ta gaji kafin ka kai rabi. Zaɓi babi uku ko huɗu. Na 2 yabon ruwan sama ne, na 104 na noma, na 93 da na 94 suna hani ga giya da caca. Na 95 kuwa na magani ne, inda yake cewa wanda ba ya ci sai abin da ya ci a baya ya narke, jikinsa ba ya neman magani. Manhajar fassara ta kyamara kan gaza a nan, domin Tamil ɗin tsoho ne kuma a dunƙule, sai ta ba ka zance mara kai.

Tambaya: Wurin ibada ne? Ina gudun in shiga inda bai kamace ni ba.

Amsa: A'a Hajiya, wurin tarihi ne na gwamnati, ana taruka da baje koli a zaurensa, kowa na shiga. Haikalin da aka keɓe wa mawaƙin daban yake, yana unguwar Mylapore. Ko addininsa ma masana ba su daddale ba, wasu sun ce mabiyin addinin Jain ne, wasu Hindu. Haka zamaninsa: gwamnatin jihar ta ɗauki shekara ta 31 kafin Miladiyya a matsayin ta haihuwarsa, masana da dama kuma suna kai littafin wajen ƙarni na 5 Miladiyya. Inda kika ga an jera takalma, ki cire naki.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa?

Amsa: Da hantsi ko bayan la'asar. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan kai digiri 40 ga gumi, kuma rufin da ake hawa dutse ne a fili, da rana tsaka sai ya gasa tafin ƙafa. Oktoba zuwa Disamba damina ce, titi kan cika da ruwa. Janairu da Fabrairu sun fi daɗi, amma a tsakiyar Janairu, cikin bikin girbi na Pongal, akwai ranar Thiruvalluvar, cunkoso ya yi yawa. Sannan a shekarun baya kusa da wurin masu zanga-zanga suka saba taruwa, wani lokaci 'yan sanda su karkatar da hanya. Tambayi mai masaukinka da safen ranar, har da lokacin buɗewa da kuɗin shiga. Awa ɗaya zuwa biyu ta isa.

Tambaya: Shi ne wanda nake gani a hoto tsaye a tsakiyar teku?

Amsa: Ba shi ba ne. Wancan wani mutum-mutumin mawaƙin ne daban, yana Kanyakumari, a ƙarshen kudancin Indiya, kusan kilomita 700 daga Chennai, kwana guda a jirgin ƙasa. Magini ɗaya ne ya yi su, aka buɗe na tekun ranar 1 ga Janairu 2000. Tsayinsa ƙafa 133 ne daidai da yawan babukan, dandamalinsa kuma ƙafa 38 daidai da babukan kyawun hali. Da kwale-kwalen fito ake barin gaɓa, kuma akan dakatar da shi idan teku ta yi fushi ko ruwa ya ja baya, saboda haka wanda zai je ya bar wa kansa rarar yini guda.