Amosani, sanyin ƙashi da gobara daga kogi: amsoshin tambayoyinku

Wata malama daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, likita ya ce yayata tana da ciwon rumatoyid. A gida wasu na cewa sanyin ƙashi ne, wasu kuma amosani. Wanne ne sunansa na gaskiya da Hausa?"

Malama, Allah Ya ba ta lafiya. Duka sunayen biyu Hausa ce, amma kowannensu ya yi wa wannan ciwo faɗi. Ɗauki kalmar sanyi. Ana faɗarta ga yanayin hunturu, ana faɗarta ga cututtukan al'aura, ana kuma cewa sanyin ƙashi ga duk wani ciwo da ya kama gwiwa ko ƙugu. Amosani ma haka: amosanin jini shi ne sikila, amosanin kai shi ne ɓarɓashin da ke zuba daga fatar kai, amosanin gaɓɓai kuma ya tattara cututtuka da yawa waɗanda ba su haɗa sanadi ba. A cikinsu akwai zaizayar guringuntsi da ke zuwa da shekaru da nauyin jiki, wadda ta fi kama gwiwa, ciwonta kuma ya fi tashi bayan an sha aiki. Akwai kuma wanda gishirin yurik ke taruwa a gaɓa, ya tashi mutum da dare da raɗaɗi a babban yatsan ƙafa.

Rumatoyid daban yake da su. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓi: tushen yatsu, tsakiyarsu, wuyan hannu da tushen yatsun ƙafa, galibi dama da hagu a tare. Gaɓar ƙarshe ta kusa da farce yawanci yakan ƙyale ta. Wurin yakan kumbura ya yi taushi da ɗumi, kuma da asuba hannu yakan ƙage fiye da rabin awa, sau da yawa har awa guda, ta yadda mace za ta kasa murɗa famfo don alwala ko ta kasa ɗaure zani, sai rana ta ɗaga ya saki. Motsi yana sassauta shi, hutu yana ƙara ƙage shi. Idan haka ta kai mako 6, ba a jira, sai a ga likita.

Sunan da na zaɓa shi ne amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki. Ya yi tsawo, amma ya faɗi inda ciwon yake da abin da ke kawo shi. Sanyin ƙashi kuwa ina ganin a bar shi a nan, domin ya kauce sau biyu. Ba sanyi ke haddasa ciwon ba, kuma ba a ƙashi yake farawa ba. A tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa yake farawa. Wanda aka ce masa sanyi ne zai nufi gashi da ruwan zafi da man shafawa, watanni su wuce gaɓa tana cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya tambaya: "Garkuwa kare mutum take yi. Yaya za a ce garkuwar jiki ce ke kawo ciwo? Ko fassarar ce ba ta yi ba?"

Tambayarka ta yi ma'ana, ɗalibi. Garkuwa a asali ita ce fatar da mayaƙi ke riƙewa ya tare kibiya da mashi, daga nan aka samu sarautar Garkuwa, aka kuma samu yin garkuwa da mutum, wato ka sa shi a gabanka ya zama kariyarka. Ita garkuwa ba ta kai hari. Abin da ke cikin jiki kuwa ya fi kama da rundunar dakaru: yana sintiri, yana tantance ɗan gida da baƙo, yana kai farmaki. Kalmar ta riga ta zauna a bakin mutane, ba na neman a sauya ta, sai dai a riƙa tuna cewa wannan garkuwa tana da makami.

Ga yadda bincike ya bi diddigin lamarin. Likitan Faransa Landré-Beauvais ya siffanta ciwon a 1800, Alfred Garrod na Ingila ya raɗa masa suna a 1859, amma alamar farko da ta nuna hannun garkuwar jiki sai a 1940, lokacin da Erik Waaler na ƙasar Norwe ya bayyana wani sinadari a jinin masu ciwon, wanda yau ake gwadawa da sunan RF. Ana samunsa a wajen kashi 70 cikin 100 na masu ciwon, amma yana fitowa ga masu ciwon hanta, tarin fuka, wasu tsofaffi, har da masu lafiya. Shi ya sa takardar gwaji mai nuna RF ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba.

A 1998 masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan suka gano abin da garkuwar ke hari. Akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai a jiki, mai suna PAD da ke juya wani tubalin furotin, arjinin, ya koma sitrulin. Furotin ɗin na jiki ne, amma siffarsa ta ɗan sauya. A yawancin mutane hakan ba ya jawo komai. A masu wani nau'in gado na HLA-DR4 kuwa, fararen ƙwayoyin jini kan ɗauki furotin ɗin a matsayin baƙo, su ƙera masa makamai. Gwajin anti-CCP waɗannan makamai yake nema, kuma ya fi RF tabbas nesa ba kusa ba: cikin mutum 100 da ba su da ciwon, wajen 95 zai nuna ba su da shi. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba sa nuna shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken da aka yi a Suwidin da Holan kan tsohon jinin da mutane suka bayar gudummawa. An tarar da makaman a jinin wasu shekaru kafin gaɓarsu ta fara ciwo. Wannan ya sa aka koma neman mafarin rikicin a wajen gaɓa. Huhun mai shan taba yana yawan yin wannan sauyi na furotin, kuma masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna cewa idan taba ta haɗu da gadon, haɗarin yana ninkawa sosai. Ana kuma zargin ciwon dasashi, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar da ke kawo shi tana da nata PAD ɗin.

Idan rikicin ya isa gaɓa, tantanin nan siriri yakan cika da fararen ƙwayoyi, ya yi kauri, ya bazu kan guringuntsi yana narkar da shi, yana kuma tayar da ƙwayoyin da aikinsu cin ƙashi. Nan ne ramukan da hoton ƙashi ke nunawa suke samuwa. Ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, manyansu TNF da IL-6. Marc Feldmann da Ravinder Maini na Cibiyar Kennedy, wadda a lokacin take Landan, sun nuna a 1989 cewa idan aka toshe TNF wasu saƙonnin ma suna raguwa. A 1992 suka gwada maganin da ke toshe shi a kan majinyata 20, kumburi ya sauka cikin makonni. Daga nan aka buɗe sabon babi na magani.

Wata Hajiya daga Kano ta ce: "Wane karin magana ya dace da ciwon da jiki ke yaƙar kansa? Ni kaikayi koma kan mashekiya ya zo mini."

Hajiya, wannan bai zauna ba. Mashekiya ita ta ɗaga ƙwarya ta sheƙa, iska ta mayar mata da ƙaiƙayin. Ana faɗarsa ga wanda ya shirya sharri ya koma kansa, don haka yana ɗora laifi. Mai wannan ciwo ba ta ƙulla wa kowa komai ba, kuma mata da yawa sun riga sun sha zargin raki ko lalaci. Da ɗan gari akan ci gari ya ɗan matso, sai dai yana buƙatar maƙiyi daga waje da maci amana daga ciki. Wanda ya dace shi ne gobara daga kogi, wato masifa ta ɓullo daga inda ake ɗebo ruwan kashe ta.

Ana cika shi da "maganinta Allah", kuma kada a fahimci hakan da cewa a naɗe hannu. Ya zo a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani. Maganin farko da likitoci ke bayarwa ga wannan ciwo shi ne metotireset, miligiram 7.5 zuwa 25, sau ɗaya a mako, tare da folik asid. Sau ɗaya a mako, Hajiya: shan sa kullum bisa kuskure yana durƙusar da ɓargo, yana kisa. Ba a sha da ciki ko lokacin neman ciki, ana duba jini da hanta a kai a kai, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji aikinsa. Idan bai wadatar ba ana ƙara wasu, ko a koma masu toshe TNF, amma sai an gwada tarin fuka da ciwon hanta nau'in B tukuna, domin maganin yana iya tayar da wanda ya kwanta a jiki, kuma duka biyun suna da yawa a ƙasashenmu.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne haɗin kemis na daikulofenak, mai rage raɗaɗi, da deksametason, mai danne kumburi. Raɗaɗi zai lafa a ranar, amma daikulofenak ba ya hana gaɓa cinyewa, yawan shansa yana kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Deksametason na tsawon watanni yana kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kansa ba ya yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Watanni 3 zuwa 6 na farkon kumburi su ne lokacin da magani ya fi hana nakasa, domin ƙashin da ya riga ya cinye da yatsan da ya karkace ba kasafai suke komawa yadda suke ba.