Zama a New Jersey, Aiki a New York: Wa Zan Biya Haraji?

Tambaya: Ina zaune a jihar New Jersey ta Amurka, amma kullum nakan tsallaka kogin Hudson zuwa aiki a New York. Wace jiha ce ke da harajin albashina?

Amsa: Malam, takarda biyu za ka cika, amma ba za a tatse ka sau biyu ba. Ka fara da fom IT-203 na New York, wanda aka tanadar wa waɗanda ba mazauna jihar ba, sannan ka cika NJ-1040, fom ɗin mazauna New Jersey, inda New Jersey za ta rage maka abin da ka biya can, gwargwadon harajin da ita kanta za ta ɗora wa albashin. Da a jihar Pennsylvania kake aiki, da ka huta, domin akwai yarjejeniya tsakaninta da New Jersey cewa jihar da kake zaune ce kaɗai ke karɓar harajin jiha a kan albashinka. Wa'adin miƙawa dai 15 ga Afrilu ne.