Tambaya da Amsa: Wace ce Amma, mai rungumar jama'a a Indiya?

Tambaya: Na ga hoton wata dattijuwa 'yar Indiya cikin fararen kaya, mutane sun yi dogon layi tana rungumar su ɗaya bayan ɗaya. Wace ce ita? Da gaske tana taimakon talakawa, ko suna ne kawai?

Amsa: Malama, sunanta Mata Amritanandamayi, malamar addinin Hindu ce, mabiyanta na ce mata Amma. An haife ta a 1953 a ƙauyen masunta na Parayakadavu, jihar Kerala. Tana da shekara tara ta bar makaranta saboda rashin lafiyar mahaifiyarta. Wajen zagaya maƙwabta tana karɓar ɓawon kayan miya don shanunsu ta ga yadda yunwa ke cin tsofaffi, ta riƙa kwasar abinci da tufafin gidansu tana kai musu, tana shan faɗa a kai.

Rungumar kyauta ce. Ana karɓar lamba, a bi layi, ita kuma ta zauna wuri guda, wani lokaci fiye da awa 20. A al'adarsu a lokacin da ta fara rungumar abin kunya ne budurwa ta taɓa baƙo, balle namiji.

Amma a ganinmu ba a rungumar za a auna ta ba. Cibiyarta, da aka kafa a 1981, ta buɗe asibitin Amrita a Kochi a 1998, sai wani mai gado 2,600 a Faridabad a 2022. Aikin ya fi fitowa fili bayan ambaliyar tsunami ta Disamban 2004, wadda ta afka wa ƙauyen nata ma. Ta yi alƙawarin rupee biliyan 1, kuɗin Indiya, aka gina gidaje kusan 6,200 a Indiya da Sri Lanka, aka raba wa masunta kwale-kwale da injin da raga, domin wanda aka ba gida ba a maido masa da sana'a ba, gobe ma hannu zai miƙa. Yankin Alappad kuwa, inda ƙauyen nata yake, siririn tudu ne tsakanin teku da tafki, ranar ambaliyar da jiragen ruwa aka riƙa kwashe mutane. Shi ya sa aka gina gada, shugaban ƙasar Indiya na lokacin, Abdul Kalam, ya buɗe ta a 2006.

Tambaya: Daga ina kuɗin ke fitowa?

Amsa: Malam, daga gudummawar mabiya a gida da waje, da kuɗin makaranta na jami'ar Amrita, da na marasa lafiya masu hali. Kada ka ɗauka kowa ake yi wa magani kyauta. Marasa ƙarfi ake yafe wa ko a rage musu. Yawancin hidimar 'yan sa-kai ke yi, wannan na rage kashe kuɗi sosai. Akwai masu suka: a 2013 wata tsohuwar almajirarta ta yi zarge-zarge, ciki har da na tara dukiya, cibiyar ta musanta.