Fatar Adamu da mai odar da ke son ganin zane tukuna

Ka ce fatar Adamu da Hauwa'u ta dagule maka wajen kwaikwayon zanen William Blake, mai zanen nan na Ingila, kuma mai odar yana so ya tafi da zanen fensir ya nuna wa wani. Na biyun zan fara amsawa, yaro, don shi ke cin mutum.

Ko takarda ɗaya kada ta bar shago sai ya ajiye rabin kuɗi. A 1805 wani mai buga littattafai, Robert Cromek, ya sa Blake ya zana hotunan wata waƙa ta Robert Blair, da alkawarin shi Blake ɗin ne zai sassaƙa su a farantin jan ƙarfe don bugawa. A sassaƙar nan kuɗin yake. Zane na shiga hannun Cromek sai ya miƙa wa wani masassaƙin, Schiavonetti, wai hannunsa ya fi laushi. Littafi ya fito a 1808, Blake ya tashi da ladan zane kawai. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, ku kuwa yaran yanzu kuna tura wa mutum hoton aiki a waya tun bai biya ko sisi ba.

Batun fata kuwa, gaggawa ce ta kashe ka. Hotuna 12 da Blake ya yi wa Thomas Butts, mai sayen aikinsa, a 1808 kan Paradise Lost, waƙar Milton kan labarin Adamu da Hauwa'u, layin alƙalami da tawada ne ke riƙe da jiki, fentin ruwa bi yake yi a baya. Hasken fata farin takarda ne da aka bari, ba farin fenti ba. Shafa ta farko ta zama ruwa-ruwa, ka bar ta ta bushe ƙarau, sannan inuwar ƙirji da cinya ka ɗiga ta da bakin burushi kaɗan-kaɗan. In ka koma kan danshi, ƙaron da ke cikin fentin zai narke, na ƙasa ya taso ya gauraya da na sama. Ga taɓonka nan.

Miƙe takarda a allo ba sai na koya maka ba. Amma ka gaya wa mai odar kada ya rataye hoton inda rana ke bugawa, jan da rawayar ne za su fara koɗewa, ya dawo yana cewa fentinka ne na banza.