Tambaya da Amsa: Taron Tsofaffin Babura na Banbury

Tambaya: Malam, na ji ana wani taro a Ingila da ba a shiga sai da baburan zamanin da. Yaushe aka fara shi, kuma me ake yi a wurin?

Amsa: Taron da kake nufi shi ne Banbury Run, na ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Vintage Motor Cycle Club, wadda Titch Allen ya kafa a 1946. An fara taron a 1949, ana kuma yin sa duk shekara a watan Yuni. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: sai babur ko mai ƙafa uku da aka ƙera kafin 1931. A yanzu daga gidan tarihin motoci na Gaydon ake tashi, babura ɗaruruwa, ana sakin su rukuni-rukuni. Ba tsere ba ne. Bisa titin kowa da kowa ake tafiya, an kuma raba hanya bisa shekarun babur, waɗanda suka fi tsufa su bi mai sauƙi. Inda 'yan kallo suka fi taruwa shi ne hawan tudun Sunrising, don a nan ake gane wanda ya gyara injinsa da wanda fenti kawai ya yi wa nasa. A gefe kuma ga kasuwar tsofaffin kayan gyara.

Akwai wanda ya girme shi, Pioneer Run, na ƙungiyar masu babura ta Sunbeam, da aka fara a 1930. Shi kuwa sai baburan da aka ƙera kafin 1915.

Tambaya: Me ya sa yawancinsu a kan tudu suke mutuwa, alhali sun tashi lafiya?

Amsa: Laifin magineto ne a mafi yawan lokuta. Waɗannan babura ba da batir suke ba wa fulogi wuta ba, magineto ne ke haɗa wutar da kansa. Idan kwandensar da ke cikinsa ta tsufa, da sanyin safiya wutar tana fita tas, amma da inji ya ɗau zafi sai ta raunana. Babur ya mutu, a jira rabin awa ya huce, ya sake tashi kamar ba abin da ya faru. Duk wanda ya ga haka, ya daina kwance kafireto, magineto zai kai a sake naɗa masa waya a sa sabuwar kwandensa. Bakin kontak na magineto a bar shi kusan milimita 0.3, na fulogi kuma kada ya wuce milimita 0.5, don magineto ba ya son baki mai faɗi.

Na biyu shi ne bel. Da yawa daga cikinsu bel ne ke juya tayar baya, ba sarƙa ba. Ruwa ko ɗigon mai ya taɓa shi sai ya riƙa sulɓi, inji na ihu babur na tsaye. Wasu ma giya ɗaya gare su, babu kuloci, sai mahayi ya taimaka da feda ko ya sauka ya ruga da shi.

Sai baƙin mai. Injin ba ya mayar da mai tanki, ƙona shi yake yi, mahayi ne ke danna famfon hannu bayan 'yan mil. Hayaƙi shuɗi kaɗan a salansa shi ne daidai. Ya yi yawa fulogi ya jiƙe, ya yi kaɗan fistin ya kama.

Tambaya: Man fetur na yanzu yana yi musu kuwa?

Amsa: Yana yi, amma da lura. Tun Satumban 2021 fetur na gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100. Itanol yana jan ruwa, tanki ya yi tsatsa, yana kuma cin tsohuwar robar tiyo da tsohon shafen cikin tanki, dattin ya toshe kafireto. Shi ya sa masu irin waɗannan babura suka fi sayen E5, wanda itanol ɗinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, su sauya tiyo, su kuma zuƙe tanki kafin su ajiye babur a lokacin hunturu.